Gita mai tsada ko hannu mai gwaninta?

Zancen da na kawo muku ya faru ne cikin gidanmu, a karkarar Madawa, kuma saura kaɗan ya raba uba da ɗa.

Ƙanena yana da shekara 19. Bayan munka cire albasa, sai ya same ni da dare ya ce: "Yaya, ka roƙar mini Baba a sai da sa guda, in haɗa da rabona na albasa in sayi gita." Shanun huɗa biyu gare mu. In guda ya tafi, huɗa ta tsaya. Na tambaye shi wace irin gita ce mai cin sa. Ya nuna mini cikin salula: Mdou Moctar riƙe da Fender. Ya ce in ba irin wannan ba, ba a zama makaɗi. Da Baba ya ji, kwana uku bai amsa gaisuwar yaron ba.

Ni ban san gita ba, don haka na shiga tambaya. Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da gitar da ake kira Stratocaster a 1954. Sabuwa ƙirar Amurka ta wuce jika 500. Tun 1982 kamfanin yana sai da mai araha da sunan Squier, kuma kuɗin babbar guda ya sayi ƙanana huɗu ko biyar. Dukansu aikinsu ɗaya. Ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe shida akwai maganaɗisu da anka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. In tsirkiya ta motsa, sai ƴar wuta ta taso cikin wayar, ta bi igiya zuwa ampili, ampili ya ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar da murya. Wanda ya kafa kamfanin, Leo Fender, shi kansa bai iya kaɗa gita ba.

Na bincika kuma tarihin wanda ƙanena yake kallo. Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ne, daga wajen Abalak. Gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da itace da wayar birkin keke. Waƙoƙinsa ta salula sunka fara yawo, tun duniya ba ta san shi ba. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta Mali da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara, ƙungiyarsu kuwa ta samu lambar Grammy a 2012. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da gitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. Mu Hausawa mun san Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: kuntiginsa tsirkiya guda gare shi, amma har gobe ana saurarensa.

Na faɗa wa yaron duk wannan. Ya ce: "Yaya, wannan labari ne." Sai na ɗauke shi munka tafi Tawa, wurin wani makaɗin buki da abokina ya kwatanta mini. Gita biyu gare shi, babba wadda wani baƙo ya bar masa, da tsohuwa mai araha wadda fentinta ya goge. Ya miƙa wa ƙanena babbar. Yaron ya danna, tsirkiya ta yi ƙara kamar ƙofar kwano, yatsunsa sun kasa bin juna. Makaɗin ya ɗauki tsohuwar ya fara. Kafin ya gama, yaran unguwa sun cika ƙofar gida. Ya ce mana tsohuwar yake kaiwa buki, don ƙura da zafi da injin wuta mai yankewa ba su san tsada ba.

Kada ku ɗauka ina cewa kowace gita daidai ce. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gita ta farko da munka gani a kasuwa wuyanta ya lanƙwashe, makaɗin ya ce ko kyauta kada mu karɓa. Ga abin da ya koya mana mu duba. A kalli wuya daga kai zuwa gindi, ya zama miƙaƙƙe. Tsirkiya kada ta yi nisa da wuya, in ba haka ba yatsa ya gaji, yaro ya yi zuciya ya bari. A ɗaure tsirkiya, a kaɗa kaɗan, a ji ko kunnuwa sun riƙe. A shafa gefen wuya, don a lokacin hunturu itace yana bushewa, ƙarafan wuya su fito suna yankan hannu. A murɗa maɓallai a ji ko ƙura ta sa su ƙara. Ya ce kuma kada a zuba duk kuɗi ga gita a manta ampili, don daga can murya take fita.

Mun sayi wata ta hannu da ƙaramin ampili, da rabon albasarsa kaɗai. Shanunmu suna nan su biyu, kuma sun yi huɗar bana. Wata bakwai ke nan. Yatsun yaron sun yi kanta, ya iya waƙa uku, ta huɗu tana ba shi wuya. Baba har yanzu bai so kiɗan ba, amma ya koma amsa gaisuwa.

Samari, mai son gita ya fara da abin da aljihunsa ya iya, ya ba ta sa'a guda kullum bayan aikin gona. Ranar da hannu ya wuce kayan, kuɗin buki za su sayi babba. Iyaye kuma, in yaro ya kawo irin wannan magana, kada ku kore shi da faɗa. Ku kai shi wurin masu sana'ar, su nuna masa da hannu.

Daga malamin yaƙi da jahilci, karkarar Madawa