Gudun da Ba Kora: Kilomita 21 a Titunan Kaduna

A Hausa kalmar gudu ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Kusan kullum akwai abin da ke biye da ita a baya. Muna da gudun hijira, da gudun tsira, da gudun ceton rai. Muna da gudun duniya ga wanda ya juya wa ƙawar rayuwa baya, har da gudun zuciya ga mai kiyaye ɓacin ran ɗan'uwansa. A duk waɗannan, abin da ake guje wa shi ke ba gudun ma'ana. Shi ya sa idan aka ga baligi ya sheƙa a guje a kan titi, tambayar farko ita ce "Lafiya?", ta biyu kuma "Me ya koro shi?" Yaro na iya tsere da tsaransa don nishaɗi, zagi na iya sassarfa a gaban dokin sarki domin aikinsa ke nan, soja da ɗan ƙwallo kuwa an riga an yi musu uzuri. Amma magidanci mai gemu, wanda unguwa ke kira Malam, ana sa ran ya yi tafiyarsa cikin natsuwa, domin a wurinmu yadda mutum ke ɗaga ƙafa ma wani ɓangare ne na kamalarsa.

Na fara da wannan ne domin a fahimci nauyin da ke kan mutum irina, ɗalibin nazarin harshe mai shekara 33 da mata da 'ya'ya biyu, lokacin da ya yanke shawarar shiga gasar rabin fanfalaki da aka yi a Kaduna ranar Asabar, 21 ga Nuwamba, 2020. Nisan kilomita 21 da 'yan mitoci ne, wato rabin kilomita 42.195 na cikakkiyar gasa. Kuma idan za a faɗi gaskiya, ni ma koro ni aka yi, sai dai abin da ya koro ni ba ya ganuwa a kan titi. Mahaifina ya rasu da shanyewar ɓarin jiki bai kai shekara sittin ba, bayan ya daɗe yana fama da hawan jini. A farkon waccan shekarar likita ta gwada ni sau uku a ranaku daban-daban, ta ce ni ma na hau hanyar. Ta ba ni zaɓi: ko in rage gishiri in motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, ko in fara shan ƙwaya nan ba da jimawa ba. Shekarar kuwa ta zo da lokacin da ban taɓa samu ba. Kullen korona ya rufe gari, yajin aikin malaman jami'o'i da aka fara a watan Maris bai ƙare ba sai Disamba, kundin bincikena yana kan tebur yana jiran a buɗe ɗakin karatu.

Akwai wani abu a tarihin wannan gasa da ya kamata ya faranta wa masu nazarin harshe rai. Wanda ya kawo shawarar a sa gudun dogon zango cikin wasannin Olamfik na farko na wannan zamani, a Atens a 1896, ba ɗan wasa ba ne. Michel Bréal ne, masanin harshe ɗan Faransa, wanda ya raɗa wa ilimin ma'ana sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau. Ya ɗauko tunanin daga labarin manzon da aka ce ya sheƙo daga filin yaƙin Maraton zuwa Atens a shekara ta 490 kafin Miladiyya, ya sanar da nasarar Girkawa a kan Farisa, ya faɗi matacce. Herodotus, wanda ya fi kusa da zamanin, bai kawo wannan labari ba. Abin da ya ambata shi ne manzo da ya yi gudu daga Atens zuwa Sifata neman gudummawa. Ashe gasar da duniya ke taƙama da ita a kan almara aka gina ta, kuma malamin ma'ana ne ya aza harsashin. Nisan ma bai zauna ba sai daga baya: a Landan aka fara gudun kilomita 42.195 a 1908, aka mayar da shi ƙa'ida a 1921.

Mu kuma da abin ya iso mu ta gidajen rediyo, sai aka lalubo masa sunaye biyu: gudun fanfalaki da gudun ya-da-ƙanin-wani. Na biyun ya fi armashi, ya kuma dace da ƙwararrun da ke gaba, waɗanda burinsu shi ne su yar da kowa a hanya. Na farkon kuwa, a kunnena, yana ɗauke da ɗan shaguɓe, kamar mai faɗar yana cewa wahala ce doguwa da ba a ga amfaninta ba. Ga ɗan koyo irina, wanda ba zai yar da ƙanin kowa ba, na farkon ne ya fi kusa da yadda mutane suka kalli lamarin.

A watan Yuli na fara, da damina ta kankama. Na sayi takalmin gudu na gwanjo a kasuwar Sabon Garin Zariya, na sa dogon wando mai rufe gwiwa, ina fita bayan sallar asuba ta hanyar Samaru zuwa Shika, lokacin da gari bai gama wayewa ba. Ban zaɓi wannan lokaci don sanyinsa kaɗai ba. Duhun ma sutura ne. A makon farko minti ɗaya nake sassarfa, in yi tafiyar minti biyu, in sake. Ƙa'idar da na bi mai sauƙi ce: kwana uku ko huɗu a mako, kada ƙarin nisa ya wuce kashi ɗaya bisa goma na makon da ya gabata, kuma kada saurin ya kai inda ba zan iya yin magana ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi wuya a karɓa, domin zuciya tana ganin gudun da ba haki a cikinsa kamar wasa ne. Amma a irin wannan sassarfar ce jiki ke ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a tsoka, zuciya ta koyi tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Jijiyoyi da ƙasusuwa kuwa sun fi huhu jinkirin sabawa, shi ya sa masu gaggawa ke ƙarewa da ciwon gwiwa ko na ƙwabri. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Hausawa. Wannan gorar wata huɗu da rabi na yi ina fafe ta.

Akwai wani dattijo mai gona a gefen hanyar, wanda kullum nake tarar da shi ya riga ni fitowa. Ranar farko ya jingina da fartanyarsa ya bi ni da kallo har na ɓace. A rana ta uku ya kasa haƙuri.

"Malam, lafiya dai ko?"

Na tsaya na ce, "Lafiya lau, Baba. Ita ɗin nake nema."

Ya yi shiru, sannan ya nuna kunyoyin masararsa ya ce, "Ai da ka zo nan, da ka same ta kyauta, har da ladan taimako." Ban sami amsar ba shi ba, domin yana da gaskiya. Gudun motsa jiki abin mutanen kujera ne. Wanda ke noma, ko dako, ko tura kurar ruwa, ba ya bukatar ya ƙirƙiro wa kansa gajiya. Kakanninmu fatake da suka riƙa takawa daga Kano zuwa Gwanja neman goro da ƙafa suka yi, ba wanda ya rataya musu lamba. Mu ne da boko ya zaunar muke biyan kuɗin rajista domin mu yi gumi.

Hajiya mahaifiyata ba ta hana ni ba, amma ba ta so. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kai da aka ce jininka na hawa, shi ne za ka je ka ƙara tafasa shi?" Sai da na koma wurin likita ta duba ni, ta tabbatar zan iya, sannan Hajiya ta sa albarka, tare da sharaɗin in kira ta da zarar na gama.

Ranar gasa hunturu ya soma leƙowa, iska busasshiya, sama da ɗan hazo. A sahun gaba na ga ƙwararrun gabashin Afirka da 'yan gudunmu na Filato, siraran mutane marasa hayaniya, suna ɗan tsalle-tsalle kamar ƙasa na ƙona su. Ganin da na yi musu ke nan. Da aka tashi, cikin minti biyu sun ɓace. Mu 'yan baya tarkace ne: ma'aikatan banki, ɗalibai, 'yan kasuwa masu tumbi, mata da hijabi da marasa hijabi. Kilomita goma na farko sun wuce kamar hira. Ina bin saurin da na saba, kusan minti shida da rabi a kowace kilomita, ina kurɓar ruwa a duk inda aka miƙo, ina ɗauke da dabino biyar a aljihu.

Daga kilomita 16 labari ya sauya. Jiki na tara sukari a tsoka da hanta, ajiyar da ke iya ɗaukar mai gudu kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ta soma ƙarewa sai jiki ya ƙara dogaro da kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Sanin wannan a takarda daban, jin sa a cinya daban. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, rana ta ɗaga, leɓɓana suka bushe, gishirin gumi ya yi fari a goshina. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda tunani ya tsuke. Ni da nake iya kwana ina juya jimla ɗaya a kai, sai ga shi ba abin da ya rage a ƙwaƙwalwata sai ƙidaya: turken lantarki na gaba, sannan na gabansa. A nan na tuna mahaifina, ba da baƙin ciki ba, sai dai na ga hannunsa na dama da ya daina motsi, na kuma ji nawa yana kai da kawo a gefena.

'Yan kallo a bakin titi suna ta cewa "Sannu! Sannu!" A wannan hali ne na ji faɗin kalmar yadda ban taɓa ji a aji ba. Gaisuwa ce, jaje ce ga wanda ke cikin wahala, kuma umarni ce na a bi a hankali. Duka ukun sun dace da ni a lokaci guda, kuma ba na jin masu faɗar sun zaɓi ɗaya. Wasu kuma na cewa "Saura kaɗan!" tun ana saura kilomita biyar, wanda ƙarya ce irin ta tausayi, kamar wadda ake yi wa majinyaci. A kilomita 19 wata mata da za ta girme ni da shekara goma ta zo daidai da ni, ta dube ni ta ce, "Ƙanena, kada ka tsaya, in ka tsaya ba za ka tashi ba." Ta wuce. Na bi bayanta har ƙarshe, ban kamo ta ba. Ga ya-da-ƙanin-wani a aikace, kuma ni ne ƙanin.

Na gama cikin awa 2 da minti 19. Kwana goma sha biyar bayan haka, a birnin Balensiya na Sifaniya, Kibiwott Kandie ɗan Kenya ya yi wannan nisa cikin minti 57 da daƙiƙa 32, ya kafa sabon tarihin duniya. Da a hanya ɗaya muke, da ya gama ni ban kai kilomita tara ba. Lissafin bai ɓata mini rai ba; hasali ma sai da na yi gudun da kaina na fahimci abin da wannan adadi ke nufi, abin da shekarun da na yi ina jin sa a labaran wasanni ba su koya mini ba.

Na kira Hajiya ina zaune a gefen kwalta, takalma a cire. Ba ta tambayi lokaci ba, ta tambaya ko na ci abinci. Ciwon tsoka bai nuna kansa sosai ba sai rana ta biyu, kamar yadda ya saba: sauka daga matakala sai da baya-baya, zaman tahiya kuwa sai da dabara. A ƙarshen Disamba likita ta sake gwada ni, ta ce jinin ya sauka zuwa inda ba a bukatar ƙwaya tukuna, amma gadon yana nan, in dawo bayan wata uku. Da aka janye yajin aiki na koma kan kundina, na rage fita zuwa kwana uku a mako. Yanzu mu huɗu ne a hanyar Shika, ciki har da wani maƙwabcina mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda har yau ba ya yarda ya fara sassarfa sai mun wuce masallacin unguwa.