Gwangwani 18 A Bayan Kanta

Da yawa daga cikinku za ku gama jarrabawar WAEC ko NECO ku zauna jiran sakamako da gurbin karatu, kuma a irin wannan zaman ne akan nemi ɗan aikin da za a riƙe. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin aikinmu na farko, ko da yake ba labarin da zai sa a yaba mana ba ne.

Mu uku ne, unguwarmu ɗaya a Kano, ajinmu ɗaya a sakandare, kuma tare muka shiga jami'a. Ba mu daɗe da fara karatu ba ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tsunduma yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, 2022. Mun ɗauka abin na mako biyu ne ko uku, ashe wata takwas za a kwashe, sai 14 ga Oktoba aka janye. Da zaman kashe wandonmu ya ishi iyayenmu, kawun ɗayanmu ya yi mana hanya a wani babban kanti, irin wanda mutum yake ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da kansa, sannan ya biya a wajen kashiya. A farkon watan Maris muka kama aiki.

Aikinmu shi ne ɗauko katan-katan daga sito, mu farke, mu manna farashi, mu jera a kanta, mu goge ƙura, in layi ya yi tsawo mu taya kashiya zuba kaya a leda. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 9 na dare, kwana shida a mako, albashi Naira 20,000. An haɗa mu da wata mata mai kula da sashen kayan abinci da na jarirai, kowa Anti yake ce mata. Shekararta shida a wurin, 'ya'yanta uku.

Ranar farko ta ɗauko wani gwangwani ta juya mana gindinsa. Ta nuna mana ranar da aka yi shi, da ranar da wa'adinsa zai ƙare, da lambar rukunin da ya fito a ciki, sannan ta nuna lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin takardar. Ta ce, "Samari, ƙa'idar nan guda ɗaya ce: wanda ya riga shigowa shi zai riga fita. In sabon kaya ya zo, ku jawo tsohon gaba, sabon ya koma baya. Duk abin da ya rage masa wata ɗaya ku ware mini shi, dila yana karɓa ya canza mana. In ya wuce, asararmu ce." Muka ce, "To Anti," kamar mun ji.

Makon farko da na biyu mun yi aiki kamar za mu gaji kantin. Daga nan muka fara gane wuri. Muka gano cewa kyamarar sito ba ta kaiwa bayan tulin katan ɗin taliya, sai muka shimfiɗa kwali a can ya zama ɗakin hutu. Mutum ɗaya zai tsaya a waje yana gadi, biyu suna ciki suna latsa waya. Muka koyi yawo da tsumma a hannu, domin wanda yake riƙe da tsumma ba a cika aikensa ba. Idan kwastoma ya tambayi abin da babu a kanta, mukan shiga sito mu tsaya minti biyu, mu fito mu ce ya ƙare, alhali ko katan ɗaya ba mu ɗaga ba. Abin da ya fi ba mu kunya yanzu shi ne sallah. Azahar da ba ta wuce minti goma sha biyar har da alwala, mukan mayar da ita minti arba'in, don mun san babu wanda zai iya buɗe baki ya ce mun daɗe a masallaci.

Da azumi ya kama a watan Afrilu, ga zafin Kano, ga jama'a sun yi yawa, sai muka watsar da ƙa'idar Anti gaba ɗaya. Jawo tsohon kaya gaba yana nufin sauke layi guda, a duba kwanan wata ɗaya bayan ɗaya, a sake jerawa: aikin minti ashirin. Tura tsohon baya a cika gaba da sabo kuwa minti uku ne, kuma daga nesa kantar ta fi kyau. Manaja ya wuce ya ga komai a cike, har ya ce madalla.

Muna da hujjarmu, kuma mukan maimaita ta kullum a bayan katan ɗin taliya. A lokacin mafi ƙarancin albashi a dokar 2019 Naira 30,000 ne, mu kuwa 20,000 ake ba mu. Dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma mu ba mu kai ba, amma wannan bai rage mana jin haushi ba. Sa'a 13 a tsaye, babu kujera, babu tsayayyen lokacin cin abinci. Sai muka yanke wa kanmu hukunci: tunda kuɗin rabi ne, aikin ma rabi za mu yi. A zatonmu Alhaji mai kanti muke ramawa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gab da Babbar Sallah a watan Yuli, dila ya yi jinkirin kawo garin kunun jarirai, na gaba ya ƙare, sai na baya ya bayyana. Wata mata ta sayi gwangwani ɗaya da yamma. Washegari da safe sai ga ta da rasit a hannu, tare da 'yarta mai kimanin shekara 13. Yarinyar ce ta juya gwangwanin a gida kafin a dama wa ƙaninta, ta ga wa'adinsa ya wuce da mako uku, domin an koya musu duba kwanan wata a makaranta. Matar ba ta yi hayaniya ba. Ta ce wa manaja, "Da ban da yarinyar nan, da na ba ɗan wata bakwai. Ku ji tsoron Allah." Muna tsaye da tsummanmu muna ji.

Aka sauke kantar kaf. Gwangwani 18 aka samu da wa'adinsu ya wuce, kowanne Naira 2,500, jimla 45,000. Su ne waɗanda muka tarar da sauran wata huɗu a kansu, muka yi ta tura su baya. Da yake Anti ce take sa hannu a takardar binciken sashen duk mako, ita aka kira ofis. Aka ce za a cire mata 15,000 duk wata har wata uku, daga albashin 35,000. Mu ko kallonmu ba a yi ba.

Kwana huɗu muka yi shiru. A cikin kwanakin nan muka lura Anti ta daina hawa adaidaita daga bakin kanti, sai ta taka zuwa babban titi don ta rage kuɗin mota. Ta kuma daina sayen abincin rana. Ba ta canza mana fuska ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. A rana ta huɗu muka same ta a sito, muka yi ta kame-kame. Ta ce, "Na san ku ne, 'ya'yana. Amma ni ma na sa hannu ban duba ba, don na yarda da ku. Ku baƙi ne a nan, gobe za a buɗe makaranta ku tafi. In an kore ku, me zan ce wa kawunku?"

Daren nan mun yi gardama sosai a hanyar gida. Ɗayanmu ya ce tunda ita ma ta amsa laifinta, a bar maganar, domin kuɗin rajista yake tarawa. Ba ƙarya ya yi ba, dukkanmu muna bukatar kuɗin. Amma lissafin a fili yake: rabin aikin da muka ƙi yi bai taɓa aljihun Alhaji ba. A kan Anti ya sauka, kuma saura ƙiris ya sauka a cikin jaririn da ba mu ma san sunansa ba.

Da safe muka shiga ofis mu uku, muka ce, "Yallaɓai, mu ne muka tura kayan baya, Anti ta koya mana daidai." Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Bai kore mu ba, amma ya raba mana asarar, 15,000 kowanne, a cire cikin wata biyu. Wayar da ɗayanmu yake burin saya ta sha ruwa. Bayan mako biyu, da ƙura ta lafa, muka koma wurinsa tare da Anti da sauran ma'aikata muka nemi a tsayar da lokacin hutu. Aka ba kowa minti 45 da rana, bi da bi. Albashi bai ƙaru ba. Amma hutun da muka yi wata huɗu muna sata a bayan katan, da baki muka same shi cikin zama ɗaya.

Ba muna cewa ku yarda a cuce ku ba ne. Kafin ku karɓi aiki ku tambayi sa'o'insa, da albashinsa, da ranar biya, da wanda yake ɗaukar asara idan kaya ya lalace. In sharaɗin bai yi muku ba, ku faɗa, ko ku nemi wani. Amma in kun amsa, aikin ya zama amana, kuma abin da kuka bari wani ne zai ɗauka, galibi wanda ya fi ku rauni. Kun san haka tun a aji: in an raba aikin rukuni ko sharar makaranta, wanda ya zille ba malami ya cuta ba, ɗan ajinsu ne zai yi na mutum biyu.

Mun bar kantin a watan Oktoba da aka koma karatu. Ranar sallama Anti ta ba kowannenmu biro da littafin rubutu, ta sa mana albarka. Har yau in mun shiga kanti sai mun juya gwangwani mun duba gindinsa, wani lokaci ma mu leƙa na can baya. Ku ma ku riƙa dubawa in an aike ku, kamar yadda yarinyar nan ta yi. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya sa ku fi mu riƙon amana tun daga ranar farko.