Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu na maza, amma kunya ta hana a yi zancenta, wato ƙaiƙayin matsematsi. Da yawa suna ɗauka ciwon sanyi ne, sai su ɓoye don gudun zargi. Alhali kuwa 'yar'uwar makero ce, kuma ƙwayar fangas ce ke haddasa ta. Abin da ƙwayar ke so shi ne zafi da gumi da damshi, ga shi nan kudu wanki kan yi kwana biyu bai bushe ba in damina ta sauka.

Ni kaina na yi fama da ita ina aji biyu. Ta fito mini a matsen cinya kamar zobe, gefenta yana ɓarewa, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Abokai suka ce in sayi irin man shafawar nan da ake cewa yana maganin cuta uku. Na ƙi, na tafi asibiti. Likita ya ce gara da na zo, domin galibin irin wannan mai na ɗauke da sinadarin sitiroyid, kamar betamethasone ko clobetasol, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, ƙwayar kuwa ta ci gaba da yaɗuwa. In aka daɗe ana shafawa, fata kan yi siriri har ta yi nankarwa.

Clotrimazole aka ba ni, ina shafawa safe da yamma har mako 4, ban daina ba ko da ƙaiƙayin ya lafa. An kuma umarce ni in riƙa tsane jiki sosai bayan wanka, in sauya kamfai kullum, in zaɓi na auduga mara matsewa, kada kuma in yi aron tawul ko gajeren wando. Mai ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa ya yi maganinsa tare, domin daga can ƙwayar kan hauro.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya shafa magani mako 2 bai ga sauƙi ba, ko yake da ciwon suga, ya garzaya wurin likita ya faɗi gaskiyar inda ke damunsa. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.