Ƙaryar da Na Yi wa Likitan Ido

Tabarau ne ya ishe ni. Ɗaya na karatu, ɗaya na hangen nesa, ga yara sun fara kirana mai ido huɗu. Sai na ji labarin aikin da ke raba mutum da su. Irin wanda ake yi wa masu yanar ido ne: a cire ɗan madubin halitta da ke cikin ido, a dasa na roba, kamar yadda Harold Ridley ya fara yi a Landan a 1949. Bambancin kawai, ni ba ni da yana. Son gayu nake da shi.

Likita ya shimfiɗa mini zaɓi biyu. Akwai madubi mai nisa ɗaya, wanda zan ga nesa tangaran amma in ci gaba da sa tabarau wajen karatu. Akwai kuma mai zobba, wanda ke raba haske tsakanin kusa da nesa, sai dai yakan sa a ga da'ira kewaye da fitilu. Ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, kana tuƙi da dare?"

"Ba safai ba, likita," in ji ni, mutumin da rabin kasuwancinsa a hanyar Kaduna zuwa Kano yake bayan magariba. Tsoro nake kada ya hana ni wanda nake so.

Bayan an dasa mini mai zobban, da rana komai lafiya lau, har saƙon waya nake karanta wa abokai don burga. Ranar da na koma hanya, na wuce Zariya duhu ya shiga, wata tirela ta taho. Kowace fitila tata ta yi zobe a kan zobe, gefen titi ya ɓace mini. Na faka, na cire hula na goge gilashin mota, na sake gogewa har da yawu. Tas yake. Na rufe ido ɗaya, zoben na nan. Na rufe ɗayan, yana nan. Nan gabana ya faɗi, tambayar likita ta dawo mini kalma bayan kalma. Ashe ba hira yake yi da ni ba.

Da na koma wurin likita, bai hau ni da faɗa ba. Ya ce ƙwaƙwalwar yawancin mutane kan saba cikin watanni, canza madubin kuwa ya fi dasa shi haɗari, na halitta kuma ya tafi ke nan. Tawa ƙwaƙwalwar ta saba rabi da rabi. Yanzu direba nake biya duk tafiyar dare, Hajiya kuwa kullum sai ta tambaye ni ko albashinsa ya fi kuɗin tabarau sauƙi.