Kwamfutar Da Muka Sayo Don Kallo

Tunda layi ya zo kanmu a wannan makon, za mu ba ku labarin wata 'yar kwamfuta da muka sayo gwanjo, da abin da ta ba mu, da kuma abin da muka yi asara a cikinta.

Mu huɗu ne a gaban Inna a gidanmu da ke Hayin Dogo, Samaru: mu biyun da muke wannan rubutu, sai ƙanenmu da ke karatu a ABU, sai Auta. Yayarmu tana aure a Kaduna. Baba ya rasu shekara shida ke nan, Allah ya jiƙansa. Cikin abin da ya bari akwai wata jaka Gana-mas-go cike da kaset-kaset da fayafayen CD: waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, karatun tafsirin azumi, da finafinai irin su Sangaya da Wasila. A can ƙasan jakar kuma akwai wani faifai da aka rubuta wa suna da maka, bidiyon bikin Yaya. A cikinsa ne kaɗai muke da Baba yana motsi yana magana. Minti huɗu ne, yana tsaye a ƙofar gida da babbar riga yana yi wa dangin ango godiya.

Na'urar DVD ɗinmu ta daɗe da mutuwa, kowa ya koma kallo a wayarsa. Wata rana da daddare a hunturun da ya wuce, muna zaune a falo kowa ya duƙufa kan waya, sai Inna ta ce, "Wai faifan nan na bikin yayarku, har yanzu yana yi kuwa?" Ba ta ƙara komai ba. Mu dai mun san abin da take son gani.

Da farko sabuwar DVD muka yi niyyar saye. Ƙanenmu ne ya hana. Ya ce faifan da aka buga a shago ba irin na kamfani ba ne, wani rini ne a cikinsa yake riƙe hoton, zafi da rana suna cinye shi a hankali, ga kuma ƙarzuwa. Ko an sayo DVD, faifan ne zai mutu wata rana. Dabara ita ce a kwashe abin da ke ciki a mayar da shi kwamfuta. Da muka tambayi kuɗin laftof mai ɗan kyau sai muka yi shiru. A nan ne ya kawo maganar ƙananan kwamfutocin ofis da ake shigowa da su gwanjo, waɗanda girmansu bai wuce na littafi mai kauri ba. Ba su da allo nasu, talabijin ake jona musu. Muka yi karo-karo, Yaya ta turo nata daga Kaduna, ranar Asabar muka shiga bas daga Samaru, ta Palladan, ta Kwangila, sai PZ.

Duk wanda ya san Zariya ya san Sabon Gari ne baƙon kaya ke fara sauka. Tun da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911 unguwar ta kafu da 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe, sunan PZ ɗin ma daga kamfanin ciniki na Paterson Zochonis ya samo asali. A da atamfa da sabulu ake saukewa, yanzu waya da kwamfuta. Mun shiga shago uku kafin muka tsaya a na huɗu, inda muka ga an jera su a kanta kamar burodi: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini, Lenovo ThinkCentre Tiny. Wasu har da ragowar sitika ta ofisoshin da suka yi aiki a Turai ko Amurka.

Mai shagon mutum ne mai haƙuri. Muka tambaye shi me ya sa suke da araha haka, ko dai akwai wata a ƙasa? Ya yi dariya ya ce, "Malamai, ba lalacewa suka yi ba, ritaya aka yi musu." Ya bayyana mana cewa kamfanoni a can suna sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, dillalai su kwashe, su goge su, su biyo da su ta Legas. Sannan kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar injin Intel da ke ƙasa da zubi na 8. Don haka 'yan zubi na 6 da na 7 suka yi kwantai, farashinsu ya faɗi. Ga mai aikin banki wannan matsala ce. Ga mai son kallon Sangaya a falo kuwa, da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne cin wuta. Wadda muka zaɓa injinta i5-6500T ne, harafin T ɗin nan na ƙarshe yana nuna nau'in da ba ya cin wuta sosai. Cajarta wat 65 ce, kuma in fim kawai take nunawa ko rabin haka ba ta ja. Muna da 'yar sola da batir ɗaya a gida, za ta iya ɗaukarta ita da talabijin in an ɗauke wuta.

Ƙanenmu ya sa aka kwance ta a gabanmu, noti ɗaya ne a baya. Ya duba RAM, giga 8 ce. Ya tabbatar ba a kulle BIOS da lambar sirri ba, ya saurari fanka, ya gwada kowace kafar USB. Daga nan ya buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, wadda ke nuna lafiyar rumbun ajiya da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki. Rumbun irin na da ne, mai faifai yana juyawa a ciki, ya yi sa'o'i sama da 20,000. Shekara guda sa'o'i 8,760 ce, wato ya fi shekara biyu yana juyi ba hutu. Mai shago ya ce, "Shawarata ku ƙara kuɗi kaɗan in sa muku sabon SSD. Injin nan zai kai ku shekaru, amma wannan rumbun tsoho ne, ban ɗaukar muku alkawari a kansa." Muka kalli juna, muka kalli abin da ya rage a aljihu, ga kibod da maus ba mu saya ba. Muka ce, "Oga, bar shi haka, in ya so daga baya." Ya ce to. Ku riƙe wannan "daga baya" ɗin, za mu dawo kanta.

Da muka iso gida aka taru a falo, sai muka tarar kafar hoton da ke bayanta ba ta shiga wayar talabijin ɗinmu. Tata DisplayPort ce, ta talabijin HDMI, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Muna cikin wannan Auta ta ɗauko faifan bikin, ta jujjuya kwamfutar ta ce, "Yaya, to ina bakin da ake sa faifan?" Wallahi sai a lokacin muka tuna irin waɗannan ƙananan ba su da wurin sa faifai. Mutum uku sun je kasuwa don faifai ɗaya, sun dawo da abin da ba ya cin faifai! Inna ta yi dariya har da hawaye. Ranar Litinin muka koma Sabon Gari muka sayo 'yar mahaɗar da ke mayar da DisplayPort HDMI, da na'urar karanta faifai ta waje da ake jonawa ta USB. Kuɗin mota da na waɗannan biyun, in aka haɗa, sun kusa kuɗin SSD ɗin da muka ƙi saye.

Faifan bikin ya wahalar da mu. Irin VCD ne, bidiyon yana cikin wata jaka mai suna MPEGAV, kwafe shi kawai ake yi a buɗe da VLC. Sau biyar yana tsayawa a tsakiya. Muka goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a karo na shida ya wuce. Tun daga ranar bai sake karantuwa ba.

Bayan sallar isha'i muka kunna. Hoton ya ɗan dusashe, sautin yana shashsheka, amma ga Baba nan. Ya gyara hularsa da hannun hagu kamar yadda ya saba, ya yi gyaran murya kafin ya fara magana. Mun manta yana wannan gyaran muryar. Falon ya yi tsit. Da minti huɗun suka ƙare Inna ta ce, "A maido." Sau uku aka maido.

Abin da ba mu zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Inna ba mai yawan maganar da ba ce, amma a daren nan bakinta ya buɗe. Ta ce rigar da ke jikinsa aro ce, tasa tela bai gama ba. Daga nan ta wuce zuwa yadda aka kawo ta Samaru tana amarya, da ɗakin haya na farko da suka zauna, da shekarar da albashi ya yi wata da watanni bai zo ba ta riƙa yin ƙosai a ƙofar gida shi kuma yana ɓuya a ɗaki don kunya. Mu da muke ta neman labarin da za mu rubuta, muna ƙirƙiro attajirai da gidajen bene a Abuja, ashe labari yana zaune a falonmu a kan tabarma.

Washegari muka ƙara kibod ɗin Hausa a cikin saitin harshe don mu samu ɓ da ɗ da ƙ, muka fara bugawa. Haka abin ya zama al'ada. A yi kallo, Inna ta yi hira, in ta shiga barci mu biyu mu zauna gaban talabijin, ɗaya na tunowa ɗaya na bugawa, da kalmominta yadda ta faɗe su. Cikin mako bakwai muka tara shafi 43. Mun kuma kwashe fiye da rabin jakar Baba. Yaran maƙwabta suka riƙa zuwa kallo ranar Juma'a da yamma, gidan ya dawo da hayaniyar da ya rasa. Kwamfutar da muka sayo don kallo ta zama teburin rubutunmu, kuma duk wannan a wuri ɗaya yake, cikin tsohon rumbun nan. Kullum sai mu ce gobe za mu kwafa a filas.

Wani dare muna tsakiyar bugawa batirin sola ya ƙare, komai ya mutu lokaci guda. Da safe muka kunna, sai wani ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, allo baƙi. Muka nannaɗe ta a ɗankwali muka koma PZ. Mai shago ya saurara, ya cire rumbun ya gwada a wata na'ura, ya girgiza kai. Bai ce "ai na gaya muku" ba, da ya faɗa ma da ya fi mana sauƙi. Ya ce akwai masu ƙoƙarin ceto irin wannan a manyan garuruwa, amma kuɗin zai ninka na kwamfutar, kuma babu tabbas. A bas ɗin dawowa har muka wuce Kwangila ba wanda ya ce uffan. Tunanin kowa ɗaya ne: faifan ya daina karantuwa, kwafinsa kuma ya tafi. Wa zai gaya wa Inna?

Auta ce ta cece mu. Ashe tun makon farko ta jona wayarta ta kwashi bidiyon bikin, ta tura wa Yaya a Kaduna, ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce tana wasa da kwamfuta. Yarinyar da muke kora daga gaban kibod ita kaɗai ta yi abin da ya kamata. Minti huɗun Baba suna nan. Waƙoƙi da finafinai kuma fayafayensu na nan a jaka, aiki ne kawai za a sake.

Shafi 43 ɗin ne ba su dawo ba. Mun zauna mun rubuta abin da muka tuna, ya fito shafi 16, kuma da bakinmu ya fito, ba da nata ba. Mun koma wurin Inna. Wasu labaran ta sake ba mu, amma a taƙaice, kamar mai ba da rahoto. Da muka tambaye ta na daren da aka haifi Yaya, wanda ta ba mu tana dariya tana share hawaye, sai ta ce, "Ai na riga na faɗa muku wannan." Ta juya ta ci gaba da jan carbinta. Mun gane cewa wani labarin sau ɗaya yake fitowa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mu dai ba za mu zagi arahar ba, don kwamfutar tana nan tana aiki, an sa mata sabon SSD, ko jiya an kalli Wasila. Mai shago bai cuce mu ba, injin bai yaudare mu ba. Mu ne muka yi lissafin kuɗin akwati, muka manta da lissafin abin da za mu zuba a ciki.

Don haka ga wanda zai saya: a kwance a gabanka, a duba sa'o'in rumbu, a canza shi tun a shago, ka tabbatar da irin kafar talabijin ɗinka kafin ka fito daga gida, ka riƙa busa mata ƙura lokacin hunturu. Ga mu marubuta kuma, da yawanmu littafi guda cur yana cikin waya ɗaya, wayar da ake iya fizgewa a kasuwa ko ta faɗa bokiti. Yanzu duk abin da muka buga, kafin mu kwanta sai ya kwana a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin filas da ke ɗakin Inna, da kuma Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta. Ko imel ka tura wa kanka ya wadatar. In kuma akwai tsoho a gidanku da ya fara hira, ku nemi izininsa ku danna rikoda a waya tun kafin ku nemi biro.

Kaset-kaset ɗin Baba ne aikinmu na gaba. Auta ta ce akwai ɗaya da ba a rubuta masa komai ba, kuma Inna tana zaton wanda ya ɗauki muryarmu ne muna yara muna karatun allo, shi yana gyara mana. Muna neman rediyo mai kaset da ke aiki. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya.