Kawu, Wa Ya Faɗa?

Shekara 31 na yi ina shaƙar ƙurar alli a makarantun sakandare, kuma 12 daga cikinsu ni ne uban ƙungiyar muhawara ta makarantarmu. A wancan lokaci in aka ce za a kara a kan ko likita ya fi malami amfani, ko kuwa zaman ƙauye ya fi na birni, to yarana ake jin tsoro. Na koya masu ɗaga murya, da buga teburi, da jefa karin magana a daidai inda za ta tayar da tafi. Mun ciwo kofuna, ni kuwa na yi ritaya ina ɗauka cewa in dai a fagen kafa hujja ne babu sauran abin da wani zai koya mini. Ashe da sauran rina a kaba.

Bayan na ajiye aiki sai ƙanwata da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ta aiko mini da kuɗin jirgi, wai in zo in huta. Aikin kula da tsofaffi take yi, kuma da dare take fita, sai gari ya waye ta dawo a gajiye liƙis. Ban yi mako guda ba ta fito da abin da ke ranta. Ta ce, “Yaya, ga ’yarka nan. Ta ɗauko wani darasi da ya fi ƙarfinta, ni kuma ba ni da kuɗin ɗaukar mata malamin gida. Tunda Allah Ya kawo ka, ai shi ke nan.”

Yarinyar tana da shekara 16, a can aka haife ta, tana aji 11, wato saura shekara guda ta gama sakandare. Darasin da ake magana sunansa AP Seminar. Wata hukuma mai suna College Board, wadda ke shirya jarrabawar SAT, ita ta ɓullo da shi a 2014, ta kuma biyo shi da ƙaninsa AP Research a 2015. Ba darasin tarihi ba ne, ba na kimiyya ba ne, abin da ake koya a cikinsa shi ne yadda ake bincike da yadda ake kafa hujja. An kasa makinsa uku. Kashi 20 cikin 100 na aikin haɗin gwiwa ne da ’yan aji, kashi 35 na muƙalar da ɗalibi zai rubuta shi kaɗai ya kuma gabatar da ita da baki, sauran kashi 45 kuma na jarrabawar watan Mayu. Sakamakon daga 1 zuwa 5 yake, kuma jami’o’i da dama suna duba shi. Wannan shi ne abin da ya hana ƙanwata barci, domin kuɗin jami’a a Amurka ba wasan yara ba ne.

Na tarar da ita a kan kashi na biyu. A watan Janairu hukumar take raba wa ɗalibai wasu rubuce-rubuce, daga cikinsu kowa zai tsamo tambayarsa, ya rubuta muƙala mai kalma 2,000, ya miƙa kafin ƙarshen Afrilu. Bayan haka ya tsaya gaban aji ya yi bayani na minti 6 zuwa 8, malami ya yi masa tambaya biyu ya kare kansa. Da muka zauna a teburin cin abinci na ce ta faɗa mini tambayarta. Kanta a sunkuye, kamar yadda uwarta ta hore ta, ta ce tana so ta bincika ko ya kamata makarantun sakandare su jinkirta lokacin shiga aji da safe.

Wallahi sai da na yi dariya. Ni da na yi rabin rayuwata a bakin ƙofar makaranta da bulala ina jiran ’yan makara, yau ni za a ce in taya yarinya neman hujjar barcin safe! Na ce mata ai wannan amsarsa a fili take: lalaci ne kawai, da sanyin safiya ake kama fara. Na shiga zuba mata bayani a kan albarkar sammako, da yadda muka riƙa tafiya makarantar allo da asuba cikin hunturu. Ta ce, “To, Kawu.” Ba ta ƙara ko kalma ba.

A daren nan, bayan uwarta ta tafi aiki, na ɗauki biro na rubuta mata shafi guda cikin Ingilishin da nake alfahari da shi, irin wanda muka koya a kwalejin horon malamai. Na yi wa jinkirta lokacin makaranta kaca-kaca. Dama ƙanwata ta riga ta raɗa mini cewa in abin ya gagara in rubuta mata kawai, wa zai sani. Ban ce mata na yarda ba, amma ga shi hannuna ya yarda.

Kashegari na miƙa wa yarinyar takardar ina jiran yabo. Ta karanta sau biyu. Sannan ta ɗora yatsa a kan jimlar da na fi ji da ita, inda na ce kowa ya san yaron da ya saba tashi da wuri ya fi kaifin ƙwaƙwalwa. Cikin Hausarta mai ɗan karkata ta ce, “Kawu, don Allah ka yi haƙuri. Wa ya faɗa?”

Na ce, “Wa ya faɗi me?”

Ta ce, “Wannan ɗin. Malamarmu ta ce duk inda aka rubuta ‘kowa ya sani’ sai mu tambaya wane ne kowan, a ina ya faɗa, kuma yaya aka yi ya sani.”

Mai karatu, ban san ko an taɓa tsare ka a kan abin da ka yi shekara 30 kana faɗa ba. Na buɗe baki in kawo karin magana, sai na ga ai ita ce na riga na kawo jiya. Na lalubi sunan littafi ko guda, babu. Abin da ya taso mini shi ne in tuna mata cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Allah Ya taimake ni na haɗiye shi, na ce ta nuna mini nata.

Ta buɗe kwamfuta. Ta nuna mini cewa a 2014 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawara kada makarantun matasa su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe. Dalilinsu shi ne idan yaro ya balaga agogon jikinsa yakan ja baya, sinadarin melatonin mai kawo barci yakan makara wajen fitowa, har ya zama da wuya barci ya ɗauke shi kafin ƙarfe 11 na dare, alhali kuwa yana bukatar awa 8 zuwa 10. Ta nuna mini birnin Seattle, inda a 2016 aka mayar da lokacin shiga aji daga 7:50 zuwa 8:45, masu bincike na Jami’ar Washington suka ɗaura wa ɗalibai na’ura a hannu suka auna, suka tarar barcinsu ya ƙaru da minti 34 a kowane dare. Daɗin daɗawa, jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019, ta fara aiki a 2022, wadda ta hana yawancin manyan makarantun sakandare na gwamnati farawa kafin 8:30.

Daren nan ni ne ban yi barci ba. Na tuna zauren malaminmu, inda in ɗalibi ya kawo hadisi sai an tambaye shi wa ya ruwaito, daga wa ya ji. Malamai irin su Imam Bukhari sun ƙare rayuwarsu suna bin salsalar magana suna tantance masu gaskiya da masu mantuwa. Ashe tambayar da yarinyar nan ta yi mini tamu ce tun fil azal, ni ne na bar ta a zaure na shiga ajin boko ina koya wa ’ya’yan mutane buga teburi.

Da safe na karɓi takardata na yayyaga. Dama ƙa’idar hukumar ita ce duk wanda aka kama ya miƙa aikin da ba nasa ba, sifili zai samu a wannan kashin, ga kuma tambayoyi biyu da ke jiranta a gaban aji, inda babu kawun da zai tsaya mata. Daga ranar na sauya salon koyarwa. Ban ƙara taɓa biro ba. Aikina ya zama in zauna in yi mata tambaya: wa ya biya kuɗin wannan bincike, yara nawa aka auna, me wanda bai yarda ba zai ce? Nan kuwa tsohuwar sana’ata ta yi rana, domin darasin yana bukatar ɗalibi ya kawo ra’ayin da ya saɓa wa nasa ya auna shi da adalci. Na zama abokin hamayya. Na ce mata in an makara shiga ai za a makara tashi, to wa zai ɗauko ƙanenta daga firamare ranar da uwarsu ke ramuwar barci? Yaran da ke aiki a kanti bayan makaranta fa? Motocin da ke kwasar ɗaliban firamare da na sakandare bi da bi fa? Ta yi shiru, ta tafi ta yi kwana uku tana nema, ta dawo da amsar wasu, ta kuma amince cewa wasu ba ta da amsarsu. Ta rubuta hakan a muƙalarta, ta rage faɗin iƙirarinta zuwa abin da hujjarta za ta iya ɗauka.

Wata ranar Lahadi ƙanwata ta fito daga ɗaki ta tarar muna ciki, yarinyar ta ɗago kai tana ce mini, “A’a Kawu, wannan ba hujja ba ce, labarin mutum ɗaya ne.” Sai uwar ta daka mata tsawa, ta ce abin da take tsoro ke nan tun da ta haihu a ƙasar nan, yau ga ’yarta tana musu da yayanta. Yarinyar ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Na zaunar da ƙanwata na ce mata ta bambanta musu da neman hujja. Mai musu so yake ya kayar da kai ko da gaskiyarka, mai neman hujja kuwa a shirye yake ya sauka in ka nuna masa. Na ce yarinyar nan ba ta taɓa zama kafin in zauna ba, ba ta taɓa miƙo mini abu da hannun hagu ba, to ladabinta yana nan, abin da ya ƙaru shi ne ba za a yi mata rufa-ido ba. Ƙanwata ba ta gamsu a ranar ba, kuma ban matsa mata ba. Amma daren da za a yi gabatarwa ita ce ta nemi hutu a wurin aiki, ta zauna ta riƙe agogo tana ƙirga wa ’yarta minti 8.

Na dawo gida kafin sakamako ya fito a watan Yuli. Ta bugo mini waya ta ce ta sami 4. Na yi mata barka, na tambaye ta ko har yanzu tana kan bakanta. Ta ce tana kai, ni fa? Na ce har gobe ina son sammako, kuma ba zan daina tayar da jikokina sallar asuba ba, sai dai na daina cewa duk yaron da ke gyangyaɗi a darasin farko malalaci ne.

Yanzu idan na haɗu da tsofaffin ɗalibaina na muhawara, wasu lauyoyi, wasu ’yan siyasa, suna gaishe ni suna tuna mini kofunan da muka ci, nakan ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Na koya masu yadda za su rinjayi taro, ban koya masu su tambayi kansu wa ya faɗa ba. Allah Ya yafe mana abin da muka kuskure, waɗanda ke riƙe da alli a yau kuma Ya ba su haƙurin sauraron irin wannan tambaya daga bakin yaro.