Daga Kona zuwa Kano: cinikin shatar mota da takardar asurans

Kona na cikin gundumar Tasawa, kudu da garin, a yankin da ya haɗa Korgom, Bawdeta da Hawandawaki. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake, wadda daga ƙarshen damina har tsakiyar rani hankalin mutanenta yana ga kudu. Dalili a fili yake. Daga Tasawa zuwa Yamai ya fi kilomita 700 bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, alhali Daura da Katsina suna bakin ƙofa, Kano kuwa tafiyar wuni guda ce. Ɗan kasuwar Kona da na Mayahi, can bakin Gulbin Kaba, sun fi sanin farashin buhun wake a Dawanau bisa ga farashinsa a babban birninsu.

Manyan hanyoyi biyu ne mai mota yake bi in yana son ya ƙetare iyaka da takardu a hannu. Ta yamma ta bi Gazawa da Agye ta faɗa Maraɗi, sa'annan Ɗan Isa, Jibiya, Katsina. Ta gabas ta bi Takyeta da Matamai zuwa Ɗan Barto, ta shiga Najeriya ta Kwangwalam, daga nan Daura, sai Kazaure, sai Kano. Na sha bin su duka biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutane masu wayo wajen ciniki suke ɗaukar shatar mota da ka. Alhajin da zai ɓata rabin wuni yana jayayya kan dala goma a buhu, shi ne zai loda dukiyarsa a bayan motar da bai ga ko takarda guda tata ba.

Hayar mota a wannan yanki ba irin ta filin jirgin sama ba ce. Ba ofis, ba kanta. Tasha ce, da ƴan kamasho, da direba wanda sau da yawa ba shi ne mai motar ba. Mai kai wake Kano, mai ɗauko atamfa daga Kantin Kwari, ma'aikacin gwamnati mai rakiyar mahaifinsa asibiti, dangin amarya, kowa shata yake ɗauka, ko dai tun daga gida, ko kuwa bayan ya ƙetare. A nan ne tambayoyi biyu suke tasowa: nawa ne gaskiyar kuɗin, kuma wa zai biya in tsautsayi ya faɗa?

Mu fara da ta biyu, don ita aka fi mantawa. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, wadda kundin dokokinta na asurans ya fara aiki a 1995. Wannan kundi ya wajabta wa kowace mota asurans mai biyan diyyar ɓarnar da ta yi wa wasu. A lura da kalmar: wasu. Wanda aka banke, wanda aka rushe wa katanga, fasinjan da ya ji ciwo, su ne abin nufi. Direban kansa ba ya ciki, motar ba ta ciki, hajar da aka ɗauko ita ma ba ta ciki. Buhu ɗari na wake in ya zube a rami, takardar da ke manne a gilashin gaba ba za ta mayar da ko tiya guda ba. Haja tana da nata asurans dabam, sai wanda ya nema ya biya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Kamfani yana yanke kuɗin asurans bisa aikin da aka ce motar za ta yi. Motar da aka rubuta ta shiga ce ta iyali, in aka mai da ita ta haya, ko aka cusa mata mutane fiye da kujerunta, an buɗe wa kamfani ƙofar gardama ranar biyan diyya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 2011 kuma doka ta ce asurans ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa. Saboda haka mai shata ya dubi abu uku a takardar: lambar motar ta yi daidai da ta kartigiri, ranar ƙarewa ba ta wuce ba, aikin da aka rubuta shi ne aikin da za a yi.

To, in an ƙetare iyaka fa? Najeriya ba ta cikin CIMA. Don toshe wannan giɓi ne ƙasashen CEDEAO suka ƙirƙiro katin da direbobi suka sani da Carte Brune, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Kwatano a 1982, da ofishinsa na dindindin a Lome. Ma'anarsa ita ce, motar da ta yi hatsari a wata ƙasa, ofishin katin na can ya tsaya a kan maganar diyya, daga baya ya bi kamfanin gida. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. Don haka duk mai niyyar ƙetarewa ya je wurin kamfanin da ya ba da takardar, a rubuta masa ƙasashen da ta ƙunsa da tsawon kwanakinta, kafin ya kama hanya. Matambayi ba ya ɓata. Ya kuma tabbata direba na riƙe da permi, da izinin mai mota a rubuce, da takardar wucewa ta duwan.

Wanda ya zaɓi ya ɗauki mota a Daura ko Kano yana da wata dama. A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin asurans na dole ga ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, diyyar dukiya kuma ta kai naira miliyan 3. Takardun jabu sun daɗe suna yawo a tashoshin can, shi ya sa kamfanonin suka kafa rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake sa lambar mota ta wayar salula a ga ko asurans ɗinta na gaske ne. Aikin minti biyu ne, ana yin sa gaban direba.

Sai maganar kuɗi. Ba a cinikin biri a sama. Kafin a ce «na saya», a san wa zai sha mai, wa zai biya kuɗin hanya da na lodi, wa zai ciyar da direba, nawa ne kwanan da aka ƙara in kaya ba su fito ba, kuma ko kuɗin ya haɗa da dawowa. A ɗauka direba ɗaya ya ce jika 60 ba mai, ɗaya ya ce jika 90 da komai. In man tafiyar ya ci jika 35, mai arahar ya zama mai tsada tun ba a kai Kazaure ba. Motar da ta kawo kaya za ta koma fanko ta fi kowace sauƙi, ranar da ba ta kasuwa ba kuma ta fi ranar kasuwa. La'adar ɗan kamasho a faɗe ta a fili, a san aljihun da za ta fito.

A tsayar kuma da kuɗin da za a biya, sefa ko naira, da canjin da aka yarda da shi. Dattawa ba su manta da karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 ba. Matasa sun ga tasu a 2023, lokacin da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu, ta saki naira a watan Yuni, lissafin shata ya birkice cikin ƴan makonni. Iyakar ita kanta ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. Mai hankali ba ya biyan kuɗi duka tun daga tasha. Rabi a tashi, rabi a sauka, da shaidu biyu, da ƴar takarda ko da da ajami ce.

Ƴan kasuwarmu da ma'aikatanmu masu zuwa nesa suna haɗuwa da wannan tarko cikin wata riga. A Dubai ko Faransa, kamfanonin haya irin su Hertz, Avis da Europcar suna nuna farashin kwana guda da manyan haruffa, sauran kuwa da ƙanana. Asurans ɗin da ke cikin farashin yakan bar wa mai haya wani kaso da zai biya daga aljihunsa in motar ta ƙuje, kamfani kuma yana riƙe jingina a katin bankinsa har ya dawo da ita. Taya da gilashi sau da yawa suna waje. Akwai iyakar kilomita, akwai tarar mayar da tanki ba cike ba, a Dubai akwai kuɗin hanya na Salik da ke biyo baya. Wanda ya yi ajiya tun kafin tafiya ya kan sami sauƙi bisa wanda ya tsaya a kantar filin jirgi. A ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a tayar da ita. Masu zuwa Sin kuwa su sani, permin ƙasa da ƙasa ba ya aiki a can, sai su ɗauki mota da direbanta.

In hatsari ya auku, ko a Jibiya ko a Marsai, a kira hukuma ta rubuta abin da ya faru, a karɓi kwafi, a sanar da kamfani cikin kwana 5. Sulhun bakin hanya yana da daɗi a ranar, amma wanda ya karye ƙafa yana iya shekara bai koma gona ba, kuma ba kamfanin da zai biya abin da ba a rubuta ba.

Manomin Kona ya yi wata huɗu yana duƙe kafin wake ya shiga buhu. Ɗan kasuwar da ya saye shi sau da yawa da kuɗin amana ya saya. Duba takardar mota kafin lodi ba rashin yarda da direba ba ne, kiyaye haƙƙin waɗannan mutane ne. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.